Daga gona zuwa tukunya: littafin aikin kwamitin maganin ƙwari a fadamar Rima

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Yau bayan La'asar ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, nan cikin fadamar Rima ta wajen Wurno, ta naɗa ƙaramin kwamiti da zai bi diddigin yadda muke ta'ammali da maganin ƙwari daga wannan kaka har faɗuwar damina. Sarkin Noma ne shugaba. Akwai jami'ar lafiya ta ɗakin shan maganinmu, da wata dattijuwa mai wakiltar mata masu ƙosai da awara, da samari biyu cikin masu feshi a biya su. Ni aka ba alƙalami, saboda ni ke koyar da darasin noma a sakandare, kuma ina da 'yar gonar albasa kamar kowa. Zan riƙa rubuta abin da muka yi da abin da ya gagare mu, ko wani a wani ƙauyen zai ɗauki abin ɗauka.

Da wake muka fara, don shi ne a hannu. An shiga roro, ba da jimawa ba za a fara ɗura buhuna. Kowa ya san yadda ake yi: a baza waken a tamfol, a yayyafa masa fiya-fiya, a cuɗa, a ɗura. Gubar da ke cikin galibin fiya-fiya ita ce ke cikin Sniper, wato diklobos, wadda ake rubuta DDVP a jikin kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a aji na biyu daga sama cikin magunguna masu tsananin haɗari. Ita ce ta sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a watan Yunin 2015. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma abin da suka riƙa samu a waken da aka kai musu ya kama daga 0.03 har 4.6. Mafi muninsa ya ninka iyakar sau 460 ke nan. Na karanta wa taro waɗannan alƙaluma, na ce musu wannan fa waken da aka tsince aka zaɓa don fitarwa ne. Wanda ya rage a gida shi ne ƙosan safiyar 'ya'yanmu, shi ne alalar da ake kai wa mai jego.

Sarkin Noma ya bari na gama, sannan ya ce: "Malam, duk abin da kac ce gaskiya na. Amma in kah hana ma mutum fiya-fiya, mi za ka ba shi? Wata biyu ƙwaro ya maishe wakenai gari. Ba a amsar wuƙa ga yaro sai da wani abu ga hannu."

A kan wannan magana muka tsara aikin. Ba za mu je wa kowa da "bari" ba sai muna riƙe da "ga wannan".

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

Buhunan PICS sun iso daga cikin gari. Masana na Jami'ar Purdue da ke Amurka ne suka fito da dabarar, bayan aikin da suka yi da manoman arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa ta a Afirka ta Yamma daga 2007. Buhu ne mai ciki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa masa magani ko ɗigo. Ƙwaron wake numfashi yake yi, shi da tsutsarsa da ke kwance cikin ƙwayar waken tun daga gona. Idan aka ɗaure bakin ledojin sosai, za su shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina hayayyafa, su bushe su mutu.

A ƙofar gidan Maigari muka yi gwajin, gaban jama'a. Wake ɗaya, daga gona ɗaya, muka raba biyu: rabi a PICS, rabi a buhun saƙa na yau da kullum, ba magani a kowanne. Maigari ya sa aka ɗora su a kan katako cikin zaurensa, ya ce mabuɗin na aljihunsa har ranar da za a buɗe.

Ɗaurin shi ne duk aikin, shi ya sa muka daɗe a kansa. Sai waken ya bushe ƙarau, in ka gartsa da haƙori ya fashe, kada ya lotse. Sai an hura kowace leda an duba ba huji. Sai an matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Kada ya jingina da bango ko ya kwanta a ƙasa, saboda ɓera. Kuma ba buhun da za a riƙa buɗewa kullum ana ɗibar na miya ba ne.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne kuɗi, kuma ƙorafi ne na gaskiya: buhu ɗaya ya fi kwalbar fiya-fiya tsada, ga shi kwalbar tana isar buhuna da yawa. Amsarmu ita ce in ba a huda shi ba yana yin kaka uku. Wakiliyar mata ce ta kawo abin da ya fi dacewa da mai ɗan tiya kaɗan. Ta ce jarka mai murfi mai kyau, in an wanke ta ta bushe, aka cika ta maƙil da wake aka toshe, aiki ɗaya take yi. Haka ne. Sharaɗi kawai, kada ta kasance jarkar da ta taɓa ɗaukar magani ko fetur.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Muna bin fiya-fiya sai muka ci karo da abin da ya fi ta ba ni tsoro. Wakiliyar mata, da yake ita ke shiga cikin gidaje inda mu maza ba ma shiga, ta dawo da labarin cewa a gidaje da dama an jefa bom cikin buhunan gero da wake, kuma buhunan suna jibge a ɗakin da yara ke kwana.

Bom ita ce ƙwayar nan mai launin toka da ake sayarwa da suna irin su Phostoxin. Da zarar ta sha danshin iska sai ta fara sakin wata iskar guba mai suna fosfin. Ƙwaya mai nauyin giram 3 tana sakin kusan giram 1. In za a yi adalci, magani ne mai aiki, kuma in an bi ƙa'idarsa ba ya barin guba mai yawa a jikin hatsi. Amma an yi shi ne don sito da ake rufewa ruf, a hannun ma'aikacin da aka horar, a bar wurin kwanaki ba mai shiga, sannan a buɗe iska ta ratsa. Buhun saƙa ba ya riƙe iska. Duk abin da ƙwayar ta saki ɗakin yake cikawa, kuma fosfin ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, ga yaranmu a tabarma suke kwana, ga hunturu na tafe ana toshe kowace kafa. Wani lokaci ana jin wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma ba a dogara da hanci. Zuciya take kamawa, kuma har yau ba ta da makari. Asibiti sai dai su tallafi jiki, a jira ikon Allah.

Da daren nan aka kwashe buhunan daga ɗakunan kwana zuwa rumbunan da ke nesa da inda ake barci. Maigari ya sa aka yi shela: ba bom a ɗakin da mutum ke kwana, ba a ɗakin da ya haɗa bango da shi ba. Wannan ita ce doka ta farko da ba wanda ya yi mana gardama a kanta.

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

An gama dashen albasa a yawancin gonaki, feshi ya kankama. Albasa ta yi tsada ƙwarai a bana, don haka ba mai son ko fangali ɗaya ya lalace masa.

Mun zaga fadama da samarin kwamiti, mun tsaya muna kallo ba mu ce wa kowa komai ba. Yaro ɗan shekara goma sha, ba takalmi, gajeren wando, ya goya tanki mai lita 16 yana yoyo, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Ana auna magani da murfin kwalba, in ƙwari sun yi yawa a ƙara murfi. Ana haɗa iri biyu ko uku a tanki ɗaya. Bakin famfo ya toshe, a cire a hura da baki. A gama, a ɗauraye hannu a ruwan fangali, a ɓare goro ko a kunna sigari.

Abin da yawancinmu ba mu ɗauka da nauyi ba shi ne fata. Mun ɗauka sai an sha ko an shaƙa. Alhali ga mai feshi, fata ita ce babbar ƙofa, musamman inda ta jiƙe da zufa, kuma mafi haɗarin lokaci shi ne lokacin haɗi, sa'ad da maganin ke da cikakken ƙarfinsa ba a tsarma ba. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke biyo bayan feshi, wanda samari ke cewa "rana ce", sau da yawa alamar guba ce ta farko. An ƙiyasta cewa miliyoyin mutane a duniya ke gamuwa da gubar maganin ƙwari kowace shekara ba da gangan ba, kuma dubbai ke mutuwa. Da na faɗa wa ɗaya daga cikin samarin, cewa ya yi: "Malam, mu duk muna ciki, ba a dai ƙidaya mu ba."

Ƙungiya ta cire kuɗi daga asusunta ta sayi safar hannu ta roba, da dogon takalmin roba, da tabarau, a ajiye wurin Sarkin Noma, mai feshi ya ara ya mayar. Doguwar riga da dogon wando kowa na da su. Mun hana ɗaura rawani ko ƙyalle a hanci da sunan kariya, don in ya jiƙe da magani ya zama shi ke shayar da kai. Feshi da sassafe ko da yamma, iska na bayanka. Yaro kuwa ba shi ba tanki.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Mun zauna da mai shagon magani na kasuwarmu. Na je da shirin za a yi cacar baki, sai na tarar da mutum mai sauraro. A kan kantarsa akwai magani da aka ɗura a robobin lemo da ƙananan ledoji, ba suna, ba komai. Ya ce: "Yallaɓai, manomi na zuwa da kuɗɗin murhi biyu. In ce mai shi sai lita?" Tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, ta hana sayar da ƙananan kwalabe na diklobos a kasuwanni da kantuna, saboda yadda ake amfani da ita a ɗaki da abinci da kuma masu sha don halaka kansu. Amma buƙatar ɗan kaɗan ba ta gushe ba, sai ta koma robar lemo, wadda ta fi kwalbar asali haɗari nesa ba kusa ba, don yaro bai san bambanci ba.

Mun rabu a kan cewa ba zai ƙara ɗurawa a robar abin sha ba, ba zai ba yaro aike ba, kuma manoma uku ko huɗu za su riƙa haɗa kuɗi su sayi kwalba guda mai takardarta.

Takardar kuma da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe. Na zauna na rubuta kati da Hausa, Liman ya mayar da shi ajami, don masu karanta ajami a nan sun fi masu karanta boko yawa. A katin akwai ma'anar zanen launi da ke gindin kowace kwalba: ja mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Akwai kuma inda mai shago zai rubuta awon da ya dace da tanki, da kwanakin da za a jira kafin a ɗebi amfani.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya wani saurayi mai feshi ya faɗi a gona. Ba ɗan kwamiti ba ne, daga ƙauyen maƙwabta ya zo aiki. Tun safe yake feshi da tanki mai yoyo. Da aka kawo shi bakin hanya yawu na dalala, zufa ta rufe shi duk da sanyin nan, yana amai, tsokar fuskarsa na rawa. Kafin jami'ar lafiya ta iso an riga an fara ɗura masa nono, wani kuma ya ruga neman manja. Ta dakatar da su, ta sa aka tuɓe masa riga aka wanke jikinsa da ruwa da sabulu, aka kwantar da shi ta gefe, aka ɗauko kwalbar da ya yi aiki da ita aka sa a leda, aka wuce da shi asibiti a Sakkwato. Alhamdu lillahi, yau an ce ya tashi zaune yana magana.

Da yammacin yau ta tara mu a makarantar firamare, maza gefe mata gefe, ta yi bayanin da na so a ce kowane manomi a jihar nan ya ji. Ta ce diklobos da 'yan'uwanta, irin su kulofirifos da daimetowet, gida ɗaya suke, kuma aiki ɗaya suke yi a jikin ƙwaro da na mutum. A jikinmu akwai wani sinadari da aikinsa shi ne kashe saƙon jijiya da zarar ya isa inda aka aike shi. Wannan guba ita ke ɗaure sinadarin, sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa. Shi ya sa komai ke zuba: yawu, hawaye, zufa, zawo, ɗan ido ya tsuke, majina ta cika ƙirji. Abin da ke kashewa shi ne numfashi. Kuma tana da makari, allurar atirofin, wadda sai a asibiti ake bayar da ita ana auna bugun zuciya da ƙirji. Duk mintin da aka ɓata wajen neman manja daga lokacin allurar aka cire shi.

Wata tsohuwa ta ce: "Ɗiyata, mu tun kakanni nono muka ba wanda yas sha dahi." Jami'ar ta amsa mata da ladabi. Ta ce, Inna, wannan dafin ba irin na da ba ne. A mai yake narkewa, don haka mai da nono ba sa kashe shi, suna ma iya taimaka masa shiga jiki. Kuma mutumin da hankalinsa ya fara gushewa, in an ɗura masa abu ko an sa shi amai, huhunsa zai tafi, ga shi maganin da wani ruwa mai kama da kananzir ake haɗa shi. Tsohuwar ta gyaɗa kai. Mun ƙara wannan a bayan kati: tuɓe, wanke, kwantar ta gefe, ɗauki kwalba, tafi asibiti. Mun kuma rubuta sunayen masu babur da mai mota da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare ne.

Tun jiya kayan aron da ke wurin Sarkin Noma ba su kwana a gida ba.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Makon kwalabe. 'Yan makarantarmu manya, da safar hannu, suka bi fadama da bakin rijiyoyi suna tsinta. Abin da aka tara ya ba kowa mamaki. A cikin gida kuma an samu waɗanda aka mayar na gishiri, na man gyaɗa, har da wadda yaro ke zuwa makarantar allo da ruwa a ciki. Roba tana shan magani, wanki ba ya fitar da shi duka.

Ƙa'idar da muka koyar: in kwalba ta ƙare, a zuba ruwa a girgiza a juye cikin tankin feshi, har sau uku, sannan a huda gindinta da ƙusa don kada ta ƙara amfanar kowa. Ba a ƙonawa, hayaƙin guba ne. Muna tara su a wata ganga mai kwaɗo bayan gari, mun kuma kai takarda sashen gona na ƙaramar hukuma muna neman a nuna mana inda za a kai su.

Sarkin Ruwa ya zo da kansa, ya roƙi a daina wanke tanki a gulbi. Ya tuna zamanin da wasu ke zuba Gammalin a ruwa kifi ya taso. Gubar da ke cikinsa, lindan, tana cikin magunguna 30 da NAFDAC ta haramta a 2008, shekarar da ɗalibai mata sama da 100 a wata makaranta a jihar Gombe suka kwanta bayan cin wake. A 2009 kuma aka sa ta cikin Yarjejeniyar Stockholm ta gubobin da ke daɗewa a ƙasa da ruwa da kitsen jiki.

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

Nan ne aikin ya cije.

Kowane magani yana da kwanakin da ake jira tsakanin feshi na ƙarshe da ɗiba, don rana da iska da ita kanta shukar su karya shi. Wani kwana kaɗan ne, wani mako biyu ko fiye, kuma a jikin kwalba ake rubutawa. Ga albasa abin da sauƙi, don ana daina feshi da ba-ruwa tun kafin cira. Amma tumatir da tattasai ana ɗiba ne duk bayan 'yan kwanaki, latas da alayyafo kuwa ganyen da aka fesa shi ne ganyen da ake ci, latas ma ɗanye. Na ga da idona an yi feshi da yamma, da asuba an yanka, kafin hantsi kayan na kasuwar Ramin Kura a Sakkwato.

Na yi wa wani kawuna magana a kan haka, a gonarsa. Ya ce: "Ɗana, dillali ya bugo ya ce mota na tahowa gobe. In nic ce shi jira kwana bakwai, gonar maƙwabci za shi. Kuma in yag ga huji guda ga ganye, rabin kuɗɗi za shi ba ni. Kai kana da albashi." Ban sami abin ce masa ba, don ba jahilci ke magana ba, lissafi ne. Mai saye a birni yana zaɓar ganyen da ba tabo, dillali yana biyan abin da mai saye ke so, manomi yana fesa abin da dillali zai biya. Guba kuwa ba ta da launi a kasuwa. Wanda ya jira kwanakinsa da wanda bai jira ba farashi ɗaya ake ba su. A wake mun sami abin miƙa wa mutum. A nan hannunmu kusan wayam yake.

Abin da muka iya kaɗan ne, amma ga shi. Na farko, rage feshin banza. Da yawa ana fesa maganin ƙwari a kan cutar da ba ƙwaro ya kawo ta ba. Ɗan zazzalau da ke murɗe albasa cutar fumfuna ce, ko ka juye kwalba goma na maganin ƙwari ba abin da zai yi mata. Tsutsar tumatir da ake kira Sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, cikin naman ganye take shiga ta zauna, feshin sama ba ya kai mata sosai, kuma tana saurin sabawa da maganin da aka nace mata da shi. Ƙarin murfi ba ya kashe ta, sai dai ya ƙara abin da ke kan tumatirin.

Na biyu, dogon yaro. Muna da shi a kowace kusurwa. A daka 'ya'yansa, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. A fangalin latas da kabeji da muka gwada ya rage darɓa sosai. Manoma ba sa son sa don ba sa ganin gawar ƙwari a ƙasa. Shi hana su ci yake yi, kuma rana na karya shi da wuri, sai an maimaita. Amma saurin karyewar tasa ita ce ta sa ya dace da makon ƙarshe kafin yanka. Tsarin da muke tallatawa ke nan: in dole ne a sa maganin kanti, a sa shi da wuri, in ɗiba ta matso a koma dogon yaro.

Na uku, jan ƙyalle. Duk fangalin da aka fesa a kafa kara a ɗaura masa jan ƙyalle, kada a cire sai kwanakin sun cika. Ko ba komai yana hana yara da mata masu tsintar ganyen miya shiga. Wasu sun ɗauka. Wasu kuma da sun ji ƙarar mota suke tuge karan.

Lahadi, 9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun 1 ga wata, kuma ba lokacin da ake cin ƙosai da latas da tumatir kamar yanzu. Shi ya sa Maigari ya ce yau za a buɗe buhunan gwaji, bayan La'asar, kowa ya gani.

Na saƙa aka fara kwancewa. Tun kafin a taɓa shi ana jin ɗumi, da aka buɗe ƙwari suka tashi, waken duk huji, gindin buhu gari. Aka kwance PICS leda bayan leda. Waken na nan yadda aka zuba shi, sai 'yan matattun ƙwari. Wakiliyar mata ta ɗebi tafi guda ta sansana, ta miƙa wa na kusa da ita, ta ce ba warin komai. Masu ƙosai sun san warin fiya-fiya, sun kuma san yadda sukan shanya wake kwana da kwanaki kafin su iya niƙa shi. Nan take aka fara rubuta sunayen masu son buhu a kaka mai zuwa, har da waɗanda suka fi kowa ƙorafin tsada. Ƙungiya za ta saro da yawa tun kafin kaka, a biya bayan an sayar da amfani.

Liman ya ɗauki batun a wurin tafsiri. Ya kawo hadisin da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, da wanda ke cewa ba cuta ba cutarwa. Ya ce wanda ya fesa yau ya yanka gobe, ya san abin da ke kan ganyen, mai buɗa baki da shi bai sani ba. Maganarsa ta shiga inda katinmu bai shiga ba. Manoma da dama sun zo wurin Sarkin Noma suna tambayar yadda ake jiƙa dogon yaro.

Ga mata a gida, jami'ar lafiya ta ce a cire ganyen waje na kabeji da latas, a wanke kayan miya da ruwa mai yawa ana murzawa, a canza ruwa. Ta kuma faɗa musu iyakar wankin: yana rage abin da ke saman fata, amma akwai magungunan da shuka ke tsotsewa su bi jikinta, waɗannan ruwa ba ya fitar da su.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Zafi ya sauka, an cire albasa ana jerawa a rudu. Mun bi muna roƙo kada a yayyafa mata komai a wurin ajiya. Abin da take buƙata shi ne ta bushe wuya sosai, a tsince masu rauni, iska ta riƙa ratsa ta.

Hankalinmu yanzu ya koma damina da maganin ciyawa. Wanda aka fi so a nan shi ne farakwat, mai ƙone ciyawa cikin yini ɗaya ko biyu. Kurɓi guda na iya kashe babban mutum. Baki da maƙogwaro yake fara ƙonawa, sannan ya tattaru a huhu ya yi ta lalata shi cikin kwanaki ko makonni, mutum na cikin hayyacinsa, kuma ba shi da makari. Turai ta daina amfani da shi tun 2007. NAFDAC ta sanar a 2023 cewa haramcinsa zai fara aiki daga 1 ga Janairun 2024, na kulofirifos daga Nuwamban 2024, na atirazin, wani maganin ciyawar, kuma daga Janairun 2025. Da na karanta wannan a zaman yau, yawancin manoman da ke wurin ba su taɓa ji ba, wasu ma suna da ragowar bara a ɗaki.

Tambayar Sarkin Noma ce ta sake tasowa daga bakin wani: me za a sa a madadinsa? Kuɗin 'yan ƙwadago ya tashi, samari da yawa sun tafi cin rani ba su dawo ba. Gilaifoset, shi ma maganin ciyawa, ya fi shi sauƙin haɗari nan take, amma sai ya ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ciyawa ta mutu, kuma a 2015 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, don haka shi ma sai da safar hannu da takalmi. Dattawa sun kawo shawarar a farfaɗo da gayya, a riƙa noman farko gona bayan gona, ƙungiya ta ɗauki nauyin fura da abinci. Masu shanun huɗa biyu sun yarda su rage farashi ga 'yan ƙungiya in an haɗa musu gonakin da ke jere.

Asabar mai zuwa samarin kwamiti za su bi gida-gida da wakiliyar mata su karɓi ragowar farakwat a kulle a ganga. Ni da Liman za mu ƙara shafi na biyu a katin, na maganin ciyawa. Sarkin Noma kuma zai je Ramin Kura ya zauna da shugabannin dillalai, ya ji ko za su yarda su riƙa sanar da zuwan mota mako guda kafin rana.